Enable: Goɗiyar Da Aka Shekara Talatin Da Biyu Ana Shirin Haihuwarta

A ranar 12 ga Fabrairun 2014 wata goɗiya mai suna Concentric ta haifi duƙusa a gidan kiwon dawaki na Juddmonte da ke Ingila. Ja ce mai baƙar geza da baƙar wutsiya, launin da masu doki ke kira bikili. Aka raɗa mata suna Enable. Daga ranar da aka fara ɗaura mata sirdin sukuwa zuwa ranar da aka sauke shi a Oktoban 2020, sau 19 ta shiga tsere, ta zo ta ɗaya sau 15. Goma sha ɗaya daga cikin nasarorin nan a gasannin ajin farko ta same su, waɗanda babu na sama da su a tsarin sukuwa, kuma a ƙasashe huɗu ta same su: Ingila da Ailan da Faransa da Amurka. Kuɗin kyautar da ta tara wa ubangidanta ya haura fam miliyan goma.

Masu ba da labarinta sukan fara daga ubanta, domin a kasuwar dawaki sunan ingarma ake saye. Yin haka yana zubar da rabin labarin, kuma rabin da ya fi ma'ana. Duk mai son ya gane yadda aka yi aka sami Enable, sai ya bi ta wajen iyayenta mata, ya koma shekarar 1982, lokacin da wani yariman Saudiyya ya sayi wata gonar dawaki a Ailan tare da goɗiyoyin da ke cikinta.

Gidan masu zuwa na biyu

Yarima Khalid bin Abdullah ɗan gidan sarauta ne, mahaifinsa ƙanen Sarki Abdul'aziz ne wanda ya kafa Saudiyya. Kasuwanci ne sana'arsa, kuma mutum ne mai gudun hayaniya, da wuya ɗan jarida ya ji ta bakinsa. A ƙarshen shekarun 1970 ya fara sayen dawaki a Ingila. A 1980 dokinsa Known Fact ya ci gasar 2000 Guineas, ya zama Balarabe na farko da ya ɗauki ɗaya daga cikin manyan gasanni biyar na gargajiya da Turawan Ingila ke alfahari da su. Da yawan masu kuɗi a nan suke tsayawa: su je gwanjo duk shekara, su sayi duƙushin da ya fi tsada, su jira sa'a. Shi kuwa sai ya juya ga abin da ya fi wuya, wato ya riƙa kiwon nasa da kansa.

Gonar da ya saya a 1982 sunanta Ferrans. A cikin goɗiyoyin da ya gada a can akwai wata mai suna Fleet Girl, wadda ba ta yi wani abin a zo a gani ba a fagen tsere. Ita ta haifi Bourbon Girl, wadda a 1987 ta zo ta biyu a gasar Oaks ta Ingila, ta sake zuwa ta biyu a Oaks ta Ailan, duk a bayan goɗiya ɗaya mai suna Unite. Bourbon Girl ta haifi Apogee, wadda ta ci wata gasa ta aji na uku a Faransa. Apogee ta haifi Dance Routine, wadda ta zo ta biyu a babbar gasar 'yan matan dawaki ta Faransa a 2002, sannan Apogee ta haifi ƙanwarta Concentric, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita Concentric ta ci 'yar gasa mai daraja, amma ba ta kai ajin farko ba. Ɗan Dance Routine, wani doki mai juriya da ake kira Flintshire, ya ci manyan gasanni a ƙasashe da dama, amma a gasar Arc ta birnin Paris, wadda ita ce kowa ke mafarki, na biyu ya zo a 2014, ya sake zuwa na biyu a 2015.

Ka duba wannan jeri da kyau. Gida ne da kullum yake isa bakin ƙofa, wani ya riga shi shiga. Ɗan kasuwa mai lissafin riba da tuni ya tattara su ya kai gwanjo.

Abin da ya sa riƙe irin wannan gida yake da wuya yana cikin halittar goɗiya. Wata goma sha ɗaya take ɗauke da ciki, ɗa ɗaya take haifa a shekara, wata shekarar ma ba ta ɗauka. Ɗan da ta haifa sai ya kai shekara uku kafin a san ko na kirki ne. Shahararren ingarma kuwa yana iya yi wa goɗiya ɗari da hamsin baye a kaka ɗaya, cikin 'yan shekaru an san abin da yake zubarwa. Saboda haka gwajin ingarma gajere ne, gwajin goɗiya kuwa yakan cinye shekarun mutum. Daga sayen Fleet Girl zuwa haihuwar Enable shekara 32 ne, ana ciyarwa, ana biyan likitoci da masu kula da barga, ana zaɓen ingarmu, ana jira. A ganina wannan jiran shi ne babban abin da Yarima Khalid ya kawo wa sukuwar Turai, ya fi kuɗinsa muhimmanci, domin masu kuɗi irinsa suna da yawa.

Gwaggo da ɗan ɗan'uwanta

Uban Enable shi ne Nathaniel. Masu bin sukuwa suna tuna shi da fitowarsa ta farko a Newmarket a Agustan 2010, inda wani duƙushi da shi ma ranar ya fara fita ya tsere masa da rabin tsawon doki. Wannan duƙushin shi ne Frankel, dokin Yarima Khalid, wanda ya yi tsere 14 ba a taɓa wuce shi ba, kuma babu wanda ya sake matsa masa kamar yadda Nathaniel ya yi a ranar. Daga baya Nathaniel ya ci gasar King George a Ascot a 2011, ya ci Eclipse a 2012. Doki ne mai son dogon zango, mai jinkirin nuna, irin wanda kasuwa ba ta rububinsa. Da suka koma gidan kiwo a 2013, fam dubu 125 ake biya a kai wa Frankel goɗiya, Nathaniel kuwa fam dubu 20. Enable tana cikin 'ya'yansa na shekarar farko.

A nan ne takardar asalinta take ɗaure wa masana kai. Uban Nathaniel shi ne Galileo, uban Galileo kuma Sadler's Wells. To, Concentric ma 'yar Sadler's Wells ce ta cikinsa. Wato ita da Galileo ubansu ɗaya, Concentric gwaggon Nathaniel ce. Ta wajen uwa Sadler's Wells kakan Enable ne, ta wajen uba kuma kakan ubanta ne. In aka yi lissafi a takarda, kashi 37 da rabi cikin ɗari na jininta daga doki ɗaya ya fito. Masu kiwon dawakin tsere sun saba maimaita jini ɗaya, amma a can nesa, a tsatso na huɗu ko na biyar. Kusanci irin wannan yawancinsu gudunsa suke yi, don tsoron rauni a ƙashi, ko ƙarancin haihuwa, ko mugun hali.

Me ya sa aka yi kasadar? Sai a dubi wane ne Sadler's Wells. An haife shi a 1981, kuma sau 14 yana zama ingarman da 'ya'yansa suka fi kowa cin kuɗin gasa a Birtaniya da Ailan. Abin da aka san zuriyarsa da shi shi ne juriya a zangon mita 2,400, da lafiyar ƙafa, da rashin saurin karaya idan tsere ya yi zafi. Ubansa Northern Dancer ɗan ƙaramin doki ne haifaffen Kanada, wanda ya ci Kentucky Derby a 1964, ya kuma zama tushen mafi yawan dawakin tseren zamanin nan. Idan aka ci gaba da bin iyaye maza, za a bi ta kan Nearco na Italiya, a isa ga Eclipse da aka haifa a 1764, a tuƙe ga wani ingarman Larabawa da Bature Thomas Darley ya saya a birnin Halab na Siriya a 1704 ya aika da shi Ingila. Duk wannan a rubuce yake, tsatso bayan tsatso, a kundin asalin dawaki da aka fara bugawa a 1791. Har yau ba a shigar da duƙushi cikin kundin sai in ingarma ne da kansa ya yi wa uwarsa baye, ba a yarda da ɗura maniyyi da allura ba. Shekara ɗari uku bayan Darley, sai ga Balarabe ya zo Ingila yana kiwon jikokin dokin da aka ɗauko daga ƙasar Larabawa.

Akwai kuma wata goɗiya a ɓangaren uba da bai kamata a tsallake ta ba: Urban Sea, uwar Galileo, wadda ita kanta ta ci Arc a 1993, sannan ta haifi zakaru biyu, Galileo da Sea The Stars. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Daga Newcastle zuwa Chantilly

An kai Enable hannun John Gosden, mai horar da dawaki a Newmarket, wanda shi ne ya horar da ubanta. Ba a yi gaggawa da ita ba. Sai ranar 28 ga Nuwamban 2016, da kakar sukuwa ta riga ta ƙare, aka fitar da ita a wata ƙaramar gasa a Newcastle, a filin da aka shimfiɗa wa yashi da roba. Ta ci cikin sauƙi. Duk da haka ba ita ce tauraruwar bargar ba. Da aka koma fage a Newbury a Afrilun 2017, babban mahayin gidan, Frankie Dettori, wata goɗiyar Yarima ya hau mai suna Shutter Speed, ita ce kuma ta ci, Enable ta zo ta uku. Daga wannan rana ba a sake wuce ta ba sai bayan shekara biyu da rabi.

Dettori ya fara hawanta a Chester a watan Mayu, kuma bai sake barin wani ya hau ta a tsere ba. A lokacin yana da shekara 46. Mutumin Italiya ne, wanda a 1996 ya ci duka tsere bakwai na yini guda a Ascot, amma a 2012 ya rabu da gidan Godolphin na sarkin Dubai, aka kuma dakatar da shi wata shida saboda shan hodar iblis. Gosden ne ya sake jawo shi a jiki a 2015.

Ranar 2 ga Yuni aka yi Oaks a Epsom, gasar da ake yi tun 1779. Filin Epsom ba shimfiɗaɗɗe ba ne: ana hawa tudu mai tsawon kusan mita arba'in, a gangaro, a sha kwana ta hagu, ƙasar kuma a karkace take har ƙarshe. Dab da za a tashi hadari ya haɗo, aka kece da ruwa da tsawa, har wata goɗiya da aka kawo daga Amurka ta firgita ta kwasa a guje, mahayinta ya diro, aka janye ta. Wadda kowa ke sa ran za ta ci ita ce Rhododendron daga Ailan. Sun jera kafaɗa da kafaɗa na ɗan lokaci a cikin ruwan, sannan Enable ta miƙe ta bar ta da tsawon doki biyar, a cikin minti 2 da daƙiƙa 34, lokacin da har zuwa ranar ba a taɓa yin mai saurinsa ba a tarihin gasar. Shekara talatin cif bayan kakar uwarta ta zo ta biyu a wannan fili. Bayan mako shida ta je Ailan ta ɗauko ɗaya Oaks ɗin da ya kuɓuce wa Bourbon Girl, Dettori na kanta da kafaɗar da ya karya bai gama warkewa ba.

Mako biyu kacal bayan haka aka jefa ta cikin manyan ingarmu a gasar King George. A nan akwai ƙa'idar da ya kamata mai karatu ya sani, domin da ita ake yi mata gardama. A irin wannan gasa kowane doki da nauyin da zai ɗauka, na mahayi da sirdi. Ƙaramin doki yana samun ragi, mace ma tana samun ragi. Enable, 'yar shekara uku, kilo 54 ta ɗauka, manyan ingarmun kuwa kilo 60 da 'yan kai. Sai da Dettori ya yi kwanaki yana horar da cikinsa da kifi da ruwa kafin ya sauko wannan nauyi. Ta wuce Ulysses da tsawon doki huɗu da rabi. A York ta sake ci.

Ba a sa sunanta a jerin masu shiga Arc tun farkon shekara ba, shaidar cewa ko masu ita ba su hango inda za ta kai ba. Sai da aka biya Yuro dubu 120 na shigar makara. A shekarar ana gyaran filin Longchamp, inda aka saba yin gasar, don haka a Chantilly aka yi gasar, ranar 1 ga Oktoba. Dettori ya fito da ita daga jikin shinge tun da wuri don kada a rufe ta, ya zauna a bayan na gaba, da aka miƙe hanya ya sake mata linzami. Tsawon doki biyu da rabi ta ba Cloth of Stars. Ita ce goɗiya ta farko da aka horar a Birtaniya da ta ci Arc tun da aka fara gasar a 1920.

Shekarar ciwo

Da namiji ce, wataƙila a nan labarin zai ƙare. Ingarman da ya ci Arc yana da shekara uku, abin da zai samu a gidan kiwo a kaka ɗaya ya ninka abin da zai samu a fage, kuma ko kayi ɗaya aka yi masa farashinsa ya faɗi. Goɗiya kuwa, tun da ɗa ɗaya za ta haifa, abin da ake asara in an bar ta a fage kaɗan ne. Wannan lissafi, haɗe da son da Yarima ke yi wa ganin dawakinsa suna gudu, shi ya ba duniya ƙarin shekara uku na Enable.

Shekarar 2018 ba ta zo da sauƙi ba. Gwiwarta ta kumbura a watan Mayu, ta rasa duk gasannin tsakiyar shekara. Sai a Satumba ta fito a Kempton ta wuce Crystal Ocean, sannan zazzaɓi ya kama ta, horo ya tsaya. Gosden da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ba ta wuce kashi 85 cikin ɗari na ƙarfinta ba ranar da ta shiga Arc a Longchamp. Yanzu kuma ita ce babba, kilo 58 ke kanta, wata 'yar shekara uku mai suna Sea of Class tana ɗauke da 55. Enable ta fice gaba saura mita ɗari uku, sai numfashi ya fara ƙare mata. Sea of Class, wadda ƙuri'a ta ba rumfar tashi ta can waje har ta koma ƙarshen ayari, ta taso tana ratsa dawaki kamar an harbo ta. Da aka isa layi, abin da ya raba su bai kai tsawon wuyan doki ba. Da filin ya ƙara taku uku, da an ba da wani labari. Mai adalci dole ya faɗi haka, ya kuma ƙara da cewa goɗiyar da ta yi tsere ɗaya tak a wata goma sha biyu, ta tashi daga zazzaɓi, ta riƙe wannan tazara da zuciya ne kawai.

Bayan mako huɗu aka sa ta a jirgi zuwa Amurka, gasar Breeders' Cup a Churchill Downs. Har zuwa lokacin babu dokin da ya taɓa cin Arc ya ci wannan gasa a shekara ɗaya. Dancing Brave na Yarima ya gwada a 1986 ya zo na huɗu. Golden Horn na Gosden da Dettori ya gwada a 2015 ya zo na biyu. Dettori ya zagaya da ita ta can waje neman busasshiyar ƙasa, suka yi ta fafatawa da Magical, ƙanwar Rhododendron, har ta tsere mata.

Na uku da bai samu ba

A 2019 ta ci Eclipse, gasar da ubanta ya ci. Sai King George na ranar 27 ga Yuli, wanda a wurina shi ne mafi kyawun tseren da ta yi. An tilasta mata bin hanyar waje tun daga farko. Da aka shigo miƙaƙƙiyar hanya ta tarar da Crystal Ocean ya riga ya fice. Ta kamo shi, ta ɗan gota, ya ƙi sakin wuri. Mita ɗari huɗu suka yi a jere, babu wanda ya sassauta, ta ci da tsawon wuya. Dettori kusan bai taɓa ta da bulala ba, da hannu da ƙafa ya tura ta. Wanda bai taɓa kallon sukuwar Turai ba, in zai kalli tsere ɗaya, wannan ya kamata ya nema.

Dawaki takwas ne a tarihi suka ci Arc sau biyu, babu wanda ya ci sau uku. Treve ta Faransa ta gwada a 2015 ta zo ta huɗu. Ranar 6 ga Oktoban 2019 Enable ta shiga Longchamp da nasara 12 a jere, dubban mutanen Ingila sun tsallako don su shaida. An yi ruwa, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Ghaiyyath ya ja ayari da gudun da ya fi ƙarfin irin wannan ƙasa, Enable na biye kusa. Saura mita ɗari huɗu ta fice, ta kakkaɓe Sottsass da Japan, filin ya ɗauki sowa. Sai Waldgeist, wanda aka yi ta tanadin ƙarfinsa a baya, wanda kuma ta sha wucewa a da, ya taso ta waje ya wuce ta dab da layi. Filin ya yi tsit. Dettori bai ɓoye hawayensa ba.

Aka bar ta ta sake gwadawa tana da shekara shida. Shekarar korona ce, filaye babu 'yan kallo. Gosden ya yi ta faɗa cewa yanzu jikinta ya yi nauyi, sa ta cikin shiri ya fi da wuya. Ghaiyyath ya wuce ta a Eclipse. Ta ci King George karo na uku, abin da ko Dahlia da Swain, masu biyu-biyu, ba su yi ba, ko da yake dawaki uku ne kacal suka fito. A Arc ƙasa ta zama taɓo, aka yi tafiyar hawainiya, ta rasa hanya, ta zo ta shida a bayan Sottsass. Shi ne karo ɗaya tilo da ta faɗo ƙasa da ta uku. Ranar 12 ga Oktoban 2020 aka sanar da ta yi ritaya, da ƙafafunta huɗu lafiya lau. Akwai masu cewa shekarar ƙarshen nan ba ta da amfani. Ban yarda ba. Mai ita ya san zai iya zubar mata da kwarjini, ya zaɓi ya gwada, kuma bai jefa ta cikin haɗarin da ya wuce na kowane tsere ba.

Ina matsayinta?

Masu auna dawaki da alƙaluma ba su sa ta a sahun Frankel ba. Shi sun ba shi maki 140, ita mafi yawan abin da ta samu 128. A 2019 ma kunnen doki suka yi da Crystal Ocean da Waldgeist, domin ranar da ta wuce Crystal Ocean da wuya, ya fi ta ɗaukar nauyi da kusan kilo ɗaya da rabi. Lissafin daidai ne, amma abin da yake aunawa shi ne gudun yini ɗaya. Ba ya auna kaka biyar a fage, da cin gasa a filin da ke juyawa hagu da mai juyawa dama, a ciyawa da yashi, a busasshiyar ƙasa da jiƙaƙƙiya, bayan ciwon gwiwa, bayan tafiyar jirgi. A wannan ma'auni ban san dokin Turai na ƙarnin nan da ya kai ta ba.

Sai dai nasararta tana ɗauke da wani abin damuwa, kuma ana ganinsa a sunayen waɗanda ta yi ta karawa da su. Rhododendron da Magical da Ulysses da Waldgeist duk 'ya'yan Galileo ne, wato baffanninta da gwaggwanninta. Cloth of Stars da Sea of Class da Crystal Ocean 'ya'yan Sea The Stars ne, ƙanen Galileo ta wajen uwa. Ghaiyyath da Sottsass iyayensu mata 'ya'yan Galileo ne. Kusan duk babban tseren da ta yi, rigimar cikin gida ce. Wani bincike da masana a wata jami'a ta birnin Dublin suka buga a 2020, bayan sun duba ƙwayoyin halittar dawakin tsere sama da dubu goma, ya nuna kusancin jini yana ta ƙaruwa cikin shekara 45, kuma kashi 97 cikin ɗari na dawakin da aka duba suna da Northern Dancer a asalinsu. Enable ta fito lafiyayya, amma ita ɗaya ce aka gani, waɗanda irin wannan haɗi ya lalata ba sa zuwa fage balle a ƙirga su. Mai kiwon da ya ɗauki takardar asalinta a matsayin dabarar da za a yi ta maimaitawa ya ɗauki darasin da ba shi ba ne.

Mutanen Juddmonte da kansu sun nuna sun san haka. Frankel yana nan a gonarsu ta Banstead Manor, amma ba su kai masa ita ba, domin shi ma ɗan Galileo ne. Kingman suka zaɓa, ingarma mai saurin gajeren zango wanda babu Sadler's Wells a jininsa. Yarima Khalid bai ga sakamakon ba, Allah ya yi masa rasuwa ranar 12 ga Janairun 2021. Enable ta haifi ɗanta na fari, namiji, a Fabrairun 2022.

'Ya'yan Yarima sun ci gaba da riƙe gonakin da goɗiyoyin, ba su kai su gwanjo ba. A rayuwarsa sau shida dawakinsa suka ci Arc, biyu daga ciki na Enable ne. A Oktoban 2024 wata goɗiya haifaffiyar gidan mai suna Bluestocking ta ci gasar, mahayinta sanye da koriyar rigar nan mai ratsin ruwan hoda da fararen hannuwa. Shi ne karo na bakwai.